SHEKARU GOMA NA KASET DA MEMORI: WAƘOƘIN DA SUKA YI TAFIYA BA UBANGIDA (2003 ZUWA 2013)

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake cikin sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Jaridun Turai da Amurka suna da wata al'ada. Duk lokacin da shekaru goma suka cika, sai su zauna su jera albam ɗin waƙoƙin da suka fi yin tasiri a wannan zangon, kowa ya kawo nasa, a yi ta musu. Rukunin da suka fi yi wa wannan hidima shi ne wanda suke kira "indi", wato mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai, su ne da kansu ko wani ƙaramin kamfani suke ɗaukar nauyin aikinsu. Misali, samarin nan na garin Sheffield a Ingila, Arctic Monkeys, kyauta suka fara raba faifansu a wuraren wasa, masoya suka yaɗa shi a intanet, kafin albam ɗinsu na farko ya fito a 2006 ya karya tarihin ciniki a ƙasar. Haka Arcade Fire na ƙasar Kanada, a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani mai suna Merge suka lashe babbar kyautar Grammy ta albam ɗin shekara a 2011.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, mu ma a ƙasar Hausa mun yi irin wannan zamani, har ma namu ya fi nasu tsanani, domin su ba a kai su gidan yari ba. Bambancin kawai, su sun rubuta nasu sun adana, mu kuwa namu yana nan yana ruɓewa a cikin kwalaye da matattun wayoyi. Na san wani zai ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To ba kewa ce ta sa ni wannan rubutu ba. Tarihi ne da yake neman ɓacewa alhali waɗanda suka yi shi yawancinsu suna raye.

KAFIN ZUWAN FIYANO

A tsarinmu na dā, waƙa da kiɗa sana'a ce mai ƙa'ida, kuma galibi gado ce. Mawaƙi yana da makaɗansa da 'yan amshinsa, sannan yana da ubangida. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Ɗanƙwairo yana da sarakunansa. Ko Alhaji Mamman Shata, wanda bai yarda wata fada ta mallake shi ba, abincinsa yana hannun masu kyauta ne, attajirai da sarakuna da direbobi da 'yan siyasa. A gefe guda kuma akwai marubuta waƙoƙi irin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu, masu alƙalami da ma'auni, waɗanda ba ruwansu da ganga.

Ka ɗauki yaron da aka haifa a Ajingi, ubansa manomi ne ko malamin allo. Ko da Allah ya ba shi murya da basira, ina zai bi? Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, in ya ɗauki kalangu an ce ya zubar da mutuncin gida. Ba shi da kuɗin tara 'yan amshi. Kamfanonin faifai kuwa suna can Legas. Ƙofar a rufe take ruf.

Abin da ya buɗe ta shi ne fim. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, harkar fim ɗin bidiyo ta fara bunƙasa a Kano, kuma fim yana buƙatar waƙa. A ƙarshen shekarun 1990 situdiyo irin na Iyan-Tama suka fara amfani da fiyano samfurin Yamaha, na'ura ɗaya da take fitar da sautin ganga da sarewa da goge duk a hannun mutum ɗaya. Shata ya rasu a watan Yunin 1999, a shekarar da mujallar Fim ta fara fitowa. Ba a daɗe ba fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta game gari da ƙauye, kowane furodusa ya gane cewa waƙa ce take sayar da fim. Daga nan aka samu abin da ake kira waƙoƙin nanaye, da muryoyi irin na Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Mudassir Ƙasim da Yakubu Muhammad.

Ku lura da abin da fiyano ya yi. Ya haɗa kogin nan biyu da suka daɗe suna gudu daban: yaron da ya yi boko da islamiyya, yake rubuta baitinsa a littafi kamar su Aƙilu, yanzu ya samu kiɗa ba tare da ya zama ɗan gidan makaɗa ba. Kuɗin zama ɗaya a situdiyo kawai yake nema. Situdiyon ma ɗaki ne kamar shagon tela, an manna katifa ko soso a bango, ga kwamfuta ɗaya, ga janareta a waje yana ƙugi.

ME YA SA NA ZAƁI 2003 ZUWA 2013?

A 2003 abubuwa uku suka haɗu. Malam Ibrahim Shekarau ya hau mulkin Kano da alƙawarin gyaran tarbiyya, wanda daga baya ya haifar da shirin A Daidaita Sahu. A ƙarshen shekarar gidan rediyon Freedom ya fara aiki, aka samu kafa mai zaman kanta da take sa waƙoƙin matasa. Sannan wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta fara sauka daga hannun masu kuɗi zuwa hannun talaka. A wannan zangon ne mawaƙa suka fara fita daga inuwar fim suna fitar da albam da sunansu da hotonsu.

Zuwa 2013 kuwa komai ya sauya. Harin 20 ga Janairun 2012 ya kashe harkar dare a Kano. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana goyo a babur a cikin birni, alhali 'yan acaɓa suna cikin manyan masu saye da yaɗa waɗannan waƙoƙi. Kaset ya mutu, faifan CD yana shure-shure. A 2014 tashar Arewa24 ta zo, YouTube ya biyo baya, aka shiga wani zamani daban.

YADDA WAƘA TAKE ISOWA GAYA DA AJINGI

Matasan yanzu da suke latsa waya waƙa ta fito ba za su gane tafiyar da waƙa take yi a wancan lokacin ba. Ana yin ta a situdiyo a titin Gidan Zu ko wani lungu a cikin birni. Mawaƙi ya ɗauki masta ya kai wa 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai ko Bata. Su buga, su sa bango. Dillalai su saro su fito da ita ta hanyar Wudil, musamman ranar Juma'a da kasuwa take ci, daga nan ta wuce shagunan bakin tasha a Gaya, sannan masu talla a keke ko a baro su shiga da ita kasuwannin ƙauye har cikin Ajingi, rikoda tana ihu a gaban keke. 'Yan ci-rani da suke dawowa gab da faɗuwar damina su ma da nasu a jaka. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil kuma su ne suke kawo waɗanda ba a samu a kasuwa.

Da waya mai memori ta yawaita, sai aka yanke duk wannan doguwar hanya. Tunda wuta ba ta tsayawa, kowane gari yana da mai cajin waya da ɗan janaretansa. Mai cajin nan sai ya samu tsohuwar kwamfuta, ya zama shi ne mai tura waƙa. Ka ba shi memori da 'yan canji, ya cika maka. Kai kuma ka je majalisa ka tura wa mutum biyar ta Bluetooth, kowannensu ya tura wa biyar. Ba rasit, ba shago, ba wanda za a kama.

Mu mutanen Gaya muna alfahari da tarihin maƙeranmu. Ana cewa a nan Bayajidda ya tsaya aka ƙera masa wuƙa, kuma Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala saboda tama, daga nan suka tashi. Maƙeri ba ya jiran izinin kowa kafin ya hura wuta. Yana da zuga-zugi da uwar maƙera da basirarsa, shi ke nan. Yaran nan masu fiyano da kwamfuta a ɗaki ɗaya, a wurina irin wannan sana'ar suka yi.

GA NAWA ZAƁIN

Kafin na jera, a sani cewa "albam" a wurinmu ba kamar na Turawa ba ne. Sau da yawa ɗan kasuwa ne yake haɗa waƙoƙi shida ko takwas ya sa wa kaset ɗin sunan wadda ta fi tashe. Don haka zan ambaci mawaƙi da aikin da aka san shi da shi.

Na farko, Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa. Marubucin littattafan hikaya ne kafin a san shi da waƙa, kuma ana jin haka a baitinsa. Ala ne ya nuna cewa za a iya ɗora Hausa mai nauyi, mai karin magana da tsohuwar kalma, a kan kiɗan fiyano, kuma matasa su saya. Waƙarsa ta Jami'a ta zama ta kowane ɗalibi da ya sha wahalar neman gurbi da zaman makaranta, Baubawan Burmi kuma ta taɓo shugabanni da halin da suka bar talaka a ciki. Dattawan da suke toshe kunne in an sa nanaye, a kan Ala suka fara sassautawa. Na sha ganin malamin makaranta yana tsayar da kaset yana tambayar yara ma'anar wata kalma.

Na biyu, Fati Nijar. Daga Maraɗi ta zo Kano, ta yi suna da Girma-Girma. Muhimmancinta a tarihi ya wuce daɗin murya. Kafin ita da irin su Maryam A. Baba, wadda waƙar Sangandale ta zame mata suna, mace a situdiyo murya ce kawai da ake ɗora wa fuskar 'yar fim. Suna cikin waɗanda suka sa ake sayen kaset saboda sunan mace mawaƙiya. Kuma zuwanta ya tuna mana cewa iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi a takarda take, kasuwar waƙar Hausa ba ta san da ita ba.

Na uku, kaset-kaset ɗin Ibro. Wannan namu ne na gabashin Kano, domin marigayi Rabilu Musa ɗan Ɗanlasan ne ta ƙaramar hukumar Warawa, maƙwabtanmu. Da yawa ba su san cewa muryar da suke ji a yawancin waƙoƙin Ibro ta Sadi Sidi Sharifai ce ba. Masu ilimi sun raina waɗannan waƙoƙi, suna ganin shirme ne. Amma in kana son ka san abin da yake damun ɗan acaɓa da mai shayi da ɗan ƙauyen da ya shiga birni a waɗannan shekaru, can za ka same shi, an naɗe shi cikin raha. Ibro ya rasu a Disambar 2014.

Na huɗu, Bahaushiya na Adam A. Zango, 2007. Ban sa shi don ya fi sauran daɗi ba. Na sa shi don shi ne albam ɗin da ya kai mai shi kurkuku, kuma daga kansa aka shiga babin da zan yi bayani a ƙasa.

Na biyar, Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums. Yana cikin waɗanda suka fito da salon gambarar zamani da Hausa tsantsa, ya yi Girgiza Kai a lokacin da aka matsa wa masu fasaha. Sunan waƙar kaɗai ya isa bayani: in an hana ka rawa, ai ba a hana ka girgiza kai ba. Albam ɗinsa This Is Me ya fito a 2010, kuma ta intanet ya sake shi, a lokacin da yawancinmu ba mu ma san ana sayar da waƙa a can ba. Duk wani yaro da yake gambarar zamani da Hausa a yau, ya sani ko bai sani ba, ya bi ta hanyar da su Ziriums suka share.

Na shida, waƙoƙin farko na Nura M. Inuwa, da na tsararsa irin su Nazifi Asnanic da Ali Jita da Umar M. Shareef. Su ne 'ya'yan zamanin memori na gaskiya. Sun tashi a ƙarshen zangon, lokacin da kaset ya riga ya faɗi, don haka sunansu ya isa ƙauyukan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba, kuɗin kuwa bai bi sunan ba. A bikin aure a Gaya ko Ajingi a waɗannan shekaru, in mai kiɗan DJ bai sa su ba, 'yan mata ba za su bar shi ya huta ba.

Na bakwai zai ba wasu mamaki, domin ba da Hausa aka yi shi ba. Wani matashin Buzu daga yankin Tawa a Nijar, Mdou Moctar, mai kaɗa jita da hannun hagu, ya zo Sakkwato a 2008 ya shiga irin situdiyon nan namu ya yi albam mai suna Anar. Da harshensu na Tamashek ya yi, amma da kiɗan kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Bai buga shi a kasuwa ba, waya ce ta yaɗa shi a Sahara. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin a wayoyin mutane, ya sa ta a wani kundi da ya fitar a 2011, sannan ya bi sawu har ya gano mai ita. Yau Mdou Moctar yana zagaya duniya, kuma kamfanin Matador na birnin New York, ɗaya daga cikin manyan gidajen waƙar "indi" ɗin da na faɗa a farko, shi ya fitar da albam ɗinsa Afrique Victime a 2021. Wato hanyar da ta kai shi can, ta cikin situdiyon Sakkwato ta bi.

Ban manta da sha'irai masu begen Annabi (SAW) ba, irin su Rabi'u Usman Baba da Bashir Ɗandago. Kasuwar kaset ɗinsu ba ta gaza ta kowa ba, kuma su ma da wannan fiyanon da waɗannan situdiyon da yawansu suka yi aiki. Sun cancanci rubutu nasu na daban.

SHEKARUN TSANANI: 2007 ZUWA 2009

An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun 2001, zamanin mulkin Kwankwaso na farko, bayan ƙaddamar da shari'a. Amma ba ta yi zafi sosai ba sai bayan abin da ya faru a watan Agustan 2007, lokacin da wani bidiyon waya na sirri ya fita ya tayar da ƙura a kan 'yan fim baki ɗaya. Gwamnati ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, aka sa kotun tafi-da-gidanka tana yanke hukunci nan take.

A watan Satumbar 2007 aka ɗaure Adam Zango wata uku a kan Bahaushiya, bisa tuhumar sakin sa ba tare da tacewa ba da kuma irin rawar da ke ciki. Da ya fito ya koma Kaduna, ya mayar da martani da waƙa. A 2008 aka ɗaure Ibro, mutumin da shi kansa tsohon ma'aikacin gidan yari ne. A ƙarshen wannan shekarar aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukunci a kan fim ɗin Tsintsiya. A tsakiyar 2009 kotun ta haramta waƙoƙi 11 a lokaci ɗaya, har da Girgiza Kai da Oyoyo ta Zango da Hasbunallahu, wadda Ala ya yi da wasu abokan sana'arsa. A watan Yulin shekarar aka kama Ala shi ma.

Ina so a yi adalci a nan. Iyayen da suka goyi bayan hukumar ba mahaukata ba ne. Akwai waƙoƙin da ba za ka iya saurara a gaban 'yarka ba. Akwai kwaikwayon Indiya da ya wuce gona da iri. Akwai kuma gaskiya a kukan da masana suka yi cewa fiyano yana kashe kalangu da kukuma da gurmi, domin yau a ƙasar Gaya ka nemi saurayin da ya iya ɗaure kalangu ka gani. Duk al'ummar da ta san ciwon kanta tana da haƙƙin ta ce wannan ya dace, wannan bai dace ba.

Amma ku dubi jerin waɗanda aka haramta. Da yawansu ba batsa ce a ciki ba, kuka ne da martani a kan hukumar kanta. Hasbunallahu addu'a ce ta wanda yake ganin an zalunce shi. Daga lokacin da mai tacewa ya fara tace sukar da ake yi masa, ya tashi daga gadin tarbiyya ya koma gadin kujerarsa. Kuma dabarar ba ta yi aiki ba, domin doka an yi ta ne don kaset da shago, alhali waƙa ta riga ta koma memori. Jerin sunayen nan 11 sai ya zama talla kyauta. Wanda bai taɓa jin su ba ya tafi wurin mai caji ya ce a tura masa "waɗanda aka hana".

Kada kuma wani ya mayar da wannan maganar jam'iyya. Gwamnati ta sauya a 2011, ta sake sauyawa a 2015, amma a 2019 an kama Naziru M. Ahmad, Sarkin Waƙar Sarkin Kano na lokacin, a kan waƙoƙin da aka ce ba a tace ba, ana tsakiyar rikicin masarautu da mu mutanen Gaya muka fi kowa sanin zafinsa. Sanda ɗaya ce, hannun da yake riƙe da ita ne kawai yake canzawa.

WA YA CI RIBAR?

Nan ne labarin ya fi ciwo. A zamanin kaset, mawaƙi yakan sayar da masta sau ɗaya, ɗan kasuwa ya yi ta bugawa iya son ransa. In waƙar fim ce, furodusa ya biya shi kuɗin aiki, jarumi ya motsa baki a kanta, suna ya tafi ga jarumi. Makaɗin da ya zauna ya haɗa sautin kuwa, sau da yawa ko sunansa ba ya fitowa a bango. Da memori ta zo, ɗan abin da ake samu ma ya tsaya. Bluetooth ɗin da ya kuɓutar da waƙa daga hannun mai tacewa, shi ne kuma ya zare hannun mawaƙi daga aljihun mai saurare. Mu da muka yi ta turawa a majalisa muna murna, da mu aka yi wannan.

To mawaƙin da waƙarsa take kowace waya amma ba shi da kuɗin haya, ina zai nufa? Sai ya koma inda kakanninsa a sana'a suka fito: waƙar biki, waƙar sarauta, waƙar ɗan takara. Daga wajen 2014 zuwa yau, babban kuɗin waƙar Hausa a siyasa yake, kowa ya ga yadda tauraron Dauda Kahutu Rarara ya haska. Ba zagin kowa nake ba, idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Amma duk mai yin ƙorafi a yau cewa mawaƙanmu sun zama 'yan amshin 'yan siyasa, ya tambayi kansa sau nawa ya taɓa cire kuɗinsa ya sayi waƙa. Shekaru goman nan su ne ɗan tsakanin da mawaƙin Hausa ya rayu da kuɗin talaka mai saye, shi ya sa ya iya faɗar abin da talaka yake ji. Da mai saye ya janye, ubangida ya dawo.

ABIN DA YA RAGE MANA

A 2013 kamfanin nan na Sahel Sounds ya tattara wasu waƙoƙin fim ɗin Hausa ya buga su a faifan garmaho da sunan Harafin So, ana sayarwa a Amurka da Turai. Abin alfahari ne, abin kunya ne kuma. Yau ya fi sauƙi ka samu tsaftataccen kwafin wasu waƙoƙinmu a can fiye da a Ƙofar Wambai. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura. Faifan CD na arha yana ɓarewa. Kwamfutocin situdiyo da yawa sun mutu da mastocin da ke cikinsu. Abin da ya rage a intanet galibi kwafin kwafi ne, an datse kai, wani mai tura waƙa ya ɗora sunan shagonsa a tsakiya, ba shekara, ba sunan makaɗi.

Mu da muke aikin gwamnati mun san ƙa'ida ɗaya: abin da bai shiga fayil ba, kamar bai faru ba ne. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi iya ƙoƙarinsu wajen rubuta tarihin mawaƙa da na wannan masana'anta, amma aikin ya fi ƙarfin mutum biyu, kuma abin da ke cikin ƙauyuka sai 'yan ƙauyen.

Shawarata guda uku ce. Ta farko, duk wanda yake da kwalin kaset ko faifai a gida, a Gaya ko Ajingi ko Albasu ko ina ne, kada ya bari a zubar ko yara su warware zaren. Ya ɗauki hoton bangon gaba da baya, domin a nan ake samun sunan situdiyo da na ɗan kasuwa. Ta biyu, tsofaffin masu shagon kaset da masu tura waƙa na garuruwanmu suna nan da ransu, wasu har da tsofaffin kwamfutocinsu. Ɗalibanmu da suke karanta Hausa ko aikin jarida, ga abin rubuta kundin kammala karatu a ƙofar gidanku: ku zauna da su, ku naɗi bayaninsu, ku kwafi abin da ya rage, ku kai wa sashen Hausa na Jami'ar Bayero ko Gidan Ɗan Hausa. Ta uku, tunda an sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, mawaƙan wancan zamani da magadan waɗanda suka rasu su nemi sanin haƙƙinsu a kan ayyukan da wasu suke ɗorawa a YouTube suna karɓar kuɗi. Mu kuma masu saurare, in mawaƙi yana da tasharsa, mu saurara a can.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda suka san wa ya kaɗa me, a wane ɗaki, a wace shekara, suna ta raguwa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan jerin nawa ne, na san kuma wani zai ce na bar gwaninsa. To bismillah, kowa ya kawo nasa bakwai ɗin, amma da sharaɗi: ka faɗi sunan mawaƙin, da shekarar da ka fara jin waƙar, da garin da ka ji ta. In muka haɗa, mun fara fayil ɗin ke nan.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na raye lafiya da halaliyarsu.